Dutsen da Ya Tafi a Gyara

Shafi na 23

Masu aiko min da saƙo cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri. Kwana biyu babu wuta a unguwarmu, waya ta mutu. Wata baiwar Allah daga Moca ta rubuto wai in ban faɗi abin da ya faru ranar Juma'a ba, za ta zo har Puerto Plata ta ja min kunne. Kada ki ɓata kuɗin mota, 'yar'uwa. Gyara zama ki ji.

Kun san inda muka kwana. Doña Casilda, mai rumfar da nake zama a bayanta ina goge dutse shekara goma sha ɗaya ke nan, za ta bar garin nan ranar Lahadi. 'Yarta Miosotis, shugabar makaranta a Santiago, ta gina mata ɗaki, ta ce gwiwoyin uwarta sun gaji da tsayuwa. Mota za ta kawo ta kwashe ta da kayanta. Ranar da aka yanke maganar, Doña Casilda ta ce ai dama babu abin da ya riƙe ta a nan. Da ta faɗa, ni take kallo. Ni kuma injin gogewa nake kallo.

Shekara tara ina da magana a bakina ga matar nan. Mijinta ya rasu, matata ta rasu, babu abin da ya tare hanya sai harshena. Shi ya sa na ɗora wa dutse aikin.

Dutsen ado ne da ake kira larimar, daga ramukan Bahoruco inda na ci ƙuruciyata cikin laka. Bai fi ƙwan tattabara ba. Bayansa toka-toka ne, da kaushi, in ka gan shi a hanya ƙafa za ka sa ka ture. Amma ranar da na fara lasar gefensa don in ga launi, sai da na nemi wurin zama. Shuɗi ne irin na can tsakiyar teku, inda masunta ke juyowa. A cikin shuɗin farin zane ya fitar da zalɓe biyu tsaye cikin ruwa, ɗaya ya karkata wuya wajen ɗaya. Ba ni na zana ba. Haka Allah ya ajiye su a cikin dutse, cikin duhu, tun ba a haifi kakan kowa ba.

Fuska ɗaya na goge, na bar bayan yadda yake. Na ce ranar da ya gama yin santsi zan ajiye shi a gabanta, ita da kanta za ta gane. To amma duk sanda na ce ya yi, sai in hango wani ɗan ƙwarzane.

Ban kai shi ɗakina ba, don na fi so ya kwana kusa da inda take tsayawa. Sai na ɓoye shi a gwangwanin gyara. Tsohon gwangwanin biskit ne da muke zuba gutsattsarin dutse, duk wanda ya sayi abu Doña Casilda ta sa hannu ta ɗauko masa guda ta ce ga gyara. Na kife nawa a can ƙasa, kullum da safe kuma in cika gwangwanin har baki. Wa zai tona ƙasa alhali ga na sama?

To, ranar Juma'a jiragen ruwa biyu na masu yawon buɗe ido suka tsaya a tasha.

Da hantsi ina shirin cika gwangwanin, sai ga Cheo ɗan acaba, mai tumbin nan da ya fi tankin babur ɗinsa girma. Ya ce wani masunci ya kamo ƙaguwa, rabin jikinta shuɗi, rabi ja, an raba ta tsaf kamar da wuƙa. Ku da kuka san ni kun san ba zan iya zama ba. Na ce wa Doña Casilda minti goma. Ta ce in gaida ƙaguwar.

Gaskiya ne kuwa, na gan ta da idona. Na tsuguna ina tunanin ko ita kanta ta san haka take. Daga nan masuncin ya kawo labarin wani kifi da aka taɓa samun mabuɗi a cikinsa, aka kawo kofi, wani ya ce ƙarya ne, aka yi gardama. Da na ɗaga kai, inuwa ta koma gabas.

Uku da rabi na iso rumfa.

'Yan jirgi sun wuce ta kanta kamar fara. Allon sarƙoƙi ya koma ƙusoshi, 'yan kunne saura ƙwaya nawa, har munduwar nan mai ɗigon ja da ta shekara biyu ba mai so an ɗauke. Doña Casilda na zaune tana fifita da kwali, fuskarta fal fara'a. Ta ce wata Baturiya ta ƙwanƙwasa dutse a haƙorinta don ta tabbatar ba roba ba ne, saura kaɗan haƙorin ya fito. Ta ce wani dogo ya sa an ɗaura masa sarƙar mata a wuya don ya ga yadda za ta yi wa uwarsa.

Ni ba na jin ta. Gwangwanin nake kallo. Ƙasansa na ƙyalli.

Na ɗaga shi, na girgiza, na leƙa ƙarƙashin tebur. Sannan na daidaita murya na tambaye ta ko ta ga wata tsakuwa mai kaushi da ke can ƙasa.

"Toka-tokar nan? Na ba wata mata gyara."

Na ce wace mata.

Ta ce wata ce 'yar ƙasarmu da ta daɗe a Amurka, ta sayi sarƙa da 'yan kunne na azurfa, ba ta yi dogon ciniki ba. Tana da malafa ruwan ɗorawa mai faɗin faranti, mijinta kuma rigarsa duk zanen aku. Farin jirgin nan suka shigo, mai tashi ƙarfe biyar.

"Lafiya, Telo? Ka yi fari fat. Tsakuwa ce fa."

Na ce na manta hulata a bakin teku.

Ta kalli kaina, inda hular take zaune. Ta ce to in yi sauri kada iska ta ɗauke ta.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Rabona da gudu tun wata ambaliya, amma ranar na yi. Na sami Cheo a kwana yana shan rake, na haye bayansa na ce tashar jirgi, kada ya tsaya ko gwamna ne ya tare hanya.

A hanya ya matsa sai na faɗa masa. Na ce wani dutse ne ya tafi a gyara bisa kuskure.

Saura kaɗan ya zubar da mu. Ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin wanda ya bi gyara ba. Ciniki ana warwarewa, kaya ana musanyawa, amma gyara in ta bar hannu ta tafi ke nan. Wanda ya karɓe gyara ya lashe amansa, kuma albarkar rumfa ce ke bin ta.

Na ce na sani, uwata ma haka ta koya min.

"To me za ka ce wa matar, tsoho?"

"Ka tuƙa dai."

"Dutsen Doña Casilda ne ko?"

Na ce wane dutsen Doña Casilda, ban san zancen da yake yi ba. Ya yi dariya har babur na rawa.

A ƙofar tasha layi ya miƙe. 'Yan jirgi sun yi jajur kamar dafaffen jatan lande, kowa da kati rataye a wuya, kowa da leda: wannan kwalbar giya, wancan sigari, waccan zanen bakin teku. Mai gadi na duba kati ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da kati ko inuwarsa ba ta wucewa. Na bi layin ina leƙa fuskoki kamar wanda akuyarsa ta ɓace a kasuwa.

Sai ga malafar. Saura mutum goma ta shige.

Na cire hula na tsaya gefenta, numfashi na neman gagarata. Sarƙarmu ce a wuyanta, aikin hannuna, na gane ta. Na gaishe ta na ce daga rumfar Doña Casilda nake.

Ta dafe sarƙar. "Kada ka ce min roba ce."

Na ce Allah ya kiyaye, ni na yanka dutsen da hannuna. Na nuna mata yatsuna da injin ya cinye zanensu. Ta saki jiki. Ta ce sunanta Yocasta, haifaffiyar Salcedo, shekara talatin da huɗu tana jinyar marasa lafiya a wani gari mai suna Lawrence, inda sanyi ke shiga har cikin haƙori. 'Ya'yanta ne suka biya musu tafiyar nan ita da mijinta Wilfredo. Wilfredo ya ɗaga min leda a madadin gaisuwa.

Na ce maganar gyara ce ta kawo ni.

Fuskarta ta canza. Ta buɗe jaka ta ciro ƙyalle, ta warware. Ga shi nan kwance a tafin hannunta, shuɗin na kallon sama. Rana ta sauka a kansa, zalɓena biyu suka fito kamar yanzu za su taka.

Na ce mata kuskure aka yi, dutsen bai gama goguwa ba. Ta shafa shi da babban yatsa ta ce kuncin jariri bai kai shi santsi ba. Na ce zan ba ta guda uku a madadinsa, manya, in aika mata har Lawrence ɗin. Ta ce ba ta so. Na ce zan ɗora mata munduwa. Ta ce tana da hannu biyu kacal kuma duk sun cika.

"Ka san abin da na gani a ciki?" in ji ta. "Uwata da ƙanwarta suna wanki a rafi. Ga uwata ta sunkuya, ga ƙanwar tata ta juyo tana ba ta gulma."

Na ce zalɓe ne.

Ta ce uwarta ce.

Muka juya ga Wilfredo ya raba gardama. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai gajimare yake gani.

Layi ya matsa. Saura mutum bakwai.

Ta ce in duba in gani: ƙasarta ce wannan, amma da kati a wuya ta shigo ta, awa takwas aka ba ta kamar baƙuwa. Ba ta isa Salcedo ba, ba ta ga kabarin uwarta ba. Sarƙa kowa ya saya, jirgin nan cike yake da sarƙoƙi. Amma wannan ba saya ta yi ba, ba ta aka yi, da hannun 'yar ƙasarta. Ita ce tsarabar da za ta yi wa kanta.

"Kai ma ka san ba a bin gyara, dattijo. Da furfurarka. To faɗa min gaskiya, me ke cikin dutsen nan da ya sa ka zubar da girma a gaban Turawa?"

Na kalli takalmana. Na kalli jirgin, dogo kamar unguwa guda an ɗora ta kan ruwa. Na ga in ban yi magana ba, da mutum bakwai da ƙofa za su raba ni da shekara tara.

Sai na faɗa mata. Wannan ne karo na farko da maganar ta fita daga bakina zuwa kunnen wani mai rai. Na ce na wata ne. Na ce tun ranar da na lasa shi na san na waye. Na faɗi gwangwanin, na faɗi Lahadi, na faɗi motar Miosotis.

Ashe Cheo ya kafe babur ya biyo ni. Sai ji na yi a bayana yana cewa duk layinmu an sani, mai sayar da kwakwa ya sani, mai aski ya sani, har an taɓa yin caca a kan shekarar da zan buɗe baki, duk wanda ya sa hannu ya faɗi.

Wata tsohuwar Baturiya da ke bayan Yocasta ta tambayi abin da ke faruwa. Yocasta ta juya ta fassara mata da Turanci. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta faɗa wa na bayanta, na bayan ya faɗa wa na bayansa. Kafin ka ce kwabo rabin layin na kallona suna murmushi, wani ma ya ɗaga waya zai ɗauke ni hoto. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Yocasta ba ta yi dariya ba. Ta kafe ni da ido irin na masu jinya, wanda ke sa mutum ya tuna duk maganin da ya ƙi sha.

"Ka ce kuskure aka yi?"

Na ce e, laifina ne, ban cika gwangwanin ba, har aka kai ƙasa.

"Lokacin da na je, gwangwanin nan rabi yake."



Ta ce da idonta ta gani. Doña Casilda ta naɗe hannun riga, ta tura hannu har ƙasa, ta wuce duk gutsattsarin da ke sama, ta ciro wannan. Ba lalube ta yi ba, ta san inda yake. Ta juya shi, ta goge shi da bakin rigarta, ta daɗe tana kallo har Wilfredo ya fara duba agogo. Sannan ta danƙa mata a hannu ta rufe yatsunta a kai.

"Ka san abin da ta ce min?"

Na girgiza kai.

"Ta ce, tafi da shi ƙasar sanyi, 'yar'uwa. Shekara tara yana kife a rumfata. Kullum kafin mai shi ya iso sai na ɗaga na duba na mayar. Na gaji da jiran dutse ya yi magana."

Jama'a, ban san sanda na zauna a kan dakalin gefen hanya ba.

Shekara tara. Ni ina ta ɓoyo kamar ɓarawo, ina cika gwangwani da asuba, ina jin kaina mai wayo. Ashe kowace safiya hannunta na riga nawa zuwa wurin. Ta ga zalɓen tun suna dishi-dishi. Ta ga sanda wuyan ɗayan ya fito. Tana kawo min kofi tana tambayata ko aiki na tafiya, ni kuma ina cewa sai a hankali.

Cheo ya ce, "To ka ji." Ban taɓa jin ya yi magana gajeriya haka ba.

Na miƙe na roƙe ta. Na ce tunda haka ne ta taimaka ta ba ni, yanzun nan zan kai mata, yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ta naɗe ƙyallen.

"Ba kai ka ba ni ba, ba kai za ka karɓa ba. Kuma na yi jinyar tsofaffi irinka sun fi ɗari. In na ba ka, kafin ka isa kwana za ka hango ƙwarzane, ka ce bari ka ɗan ƙara gogewa. Sai Lahadi ta zo ta same ka a bakin inji."



Saura mutum biyu. Na ce to ta bari in riƙe shi sau ɗaya. Ta warware ƙyallen ta ɗora min dutsen a hannu, amma ba ta saki wuyan hannuna ba. Sanyinsa na nan yadda na san shi. Na kalli tsuntsayena. Ban san ko za su iya da dusar ƙanƙara ba, amma zalɓe tsuntsu ne mai haƙuri. Kuma ku ji ikon Allah, a hasken nan na yamma na duba iya dubawata, babu ƙwarzane ko ɗaya.

Na mayar mata.

Ta ce za ta sa a ɗaure shi da azurfa, ta rataya a wuya ranar bikin jikarta. Wilfredo ya miƙo min sigari guda daga ledarsa, ya ce in riƙe, ko ta amince ko ta ƙi zan buƙace shi. Mai gadi ya duba katinsu. Tana shiga ta waiwayo, malafar na neman tashi.

"Da baki ake yi, dattijo. Wanda kake cin abinci da shi."

Tsohuwar Baturiyar nan ma da ta zo wucewa ta matse min hannu ta faɗi wani abu mai tsawo. Na ce amin.

Cheo bai yi gudu ba a komowa, ni ma ban ce ya yi ba. Ya ce ko mu biya ta wajen mai furanni. Na ce a'a. Ya ce ko in ɗan kurɓi wani abu don ƙarfin zuciya. Na ce a'a. Ya ce to ko ya zo ya tsaya a bayana, in maganar ta maƙale ya ƙarasa min. Na ce in na gan shi kusa da rumfar sai na sace masa iskar taya.

Ya sauke ni a kwana. Na taka da ƙafa.

Layinmu ya yi tsit yadda yake yi in 'yan jirgi sun koma. Masu rumfuna na sauke kaya. Doña Casilda ta jawo kwalaye uku, tana naɗe madubi da tsohuwar jarida. Kayan Lahadi take haɗawa.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙofar baya nake shiga, in wuce kai tsaye wurin injina. Ranar sai na zagayo ta gaba, na tsaya inda masu saye ke tsayawa. Ban taɓa ganin rumfar daga nan ba. Ashe ƙarama ce.

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuwana. Babu komai a cikinsu sai hula da sigari.

"Sannu da zuwa, maigida. Me za a ba ka? Kaya sun ƙare, sai dai ka dawo wani jirgin."

Na ce maganar gwiwoyinta ce. Na ce na yi tunani, zan iya haɗa mata doguwar kujera mai wurin ɗora ƙafa, ta riƙa ciniki a zaune.

Ta ce Miosotis ta saya mata kujera mai lilo.

Na ce Santiago babu teku, iskar can ba ta da gishiri, mutum na iya shaƙewa.

Ta ce mutum dubu nawa ke numfashi a can, ba ta ji an ce sun mutu ba.

Na ce to wa zai riƙa faɗa min in na bar famfon inji a buɗe.

Ta ce wanda zai sayi rumfar yana da baki.

Ta ci gaba da naɗe madubinta. Daga tasha jirgi ya busa, dogon busa mai shiga ciki. Dutsena ke nan ya kama hanya. Babu sauran wanda zai yi min aikin.

"Casilda."

Hannunta ya tsaya. Ban taɓa kiran sunanta haka tsirara ba, babu Doña ta girmamawa a gaba.

"Kada ki tafi."

"Saboda me?"

"Saboda ina son ki. Tun kafin dutsen ma. Ba ni da shi yanzu, ba ni da zobe, ɗakina na yoyo ta kusurwa ɗaya, kuma kin san halina, ana cewa ga abin mamaki zan bar aiki in tafi. Amma ina dawowa. Ki aure ni."

Shi ke nan. Abin da na shekara tara ina gogewa, bai kai minti ɗaya ba a baki.

Ta ajiye madubin a hankali. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a gwiwa, tana kallona kamar yadda take kallon kuɗin baƙo a hasken rana don ta ga ko na gaske ne. Mai sayar da kwakwa ya daina sara. Mai aski ya fito da almakashi a hannu.

"Shekara tara," in ji ta. "Sai da na yi kyauta da abin da na fi so a rumfar nan."

Na ce to mece ce amsa.

Ta buɗe baki ke nan, waya ta yi ƙara a aljihun rigarta. Ta ciro ta nisanta da ido ta karanta sunan. Miosotis ce. Dama ta ce za ta kira da yamma ta ji kwali nawa ne, don ta san girman motar da za ta ɗauko.

Ku da ba ku san Miosotis ba, mace ce da in ta shiga aji ƙuda ma sai ya nemi izini kafin ya tashi. Tana 'yar shekara ashirin ta taɓa gyara min magana sau uku a cikin gaisuwa ɗaya.

Casilda ta danna wayar. Ba ta kai kunnenta ba. Ta miƙo min ta saman tebur, idonta na ƙyalli.

"Ungo. Tunda bakin ya buɗe, faɗa mata ta fasa ɗauko mota. Ka kuma faɗa mata dalili."

Na karɓa da hannu biyu. Daga ciki murya ta fito, a tsaye kamar sandar rula.

"Mama? Kin gama haɗa kayan? Mama, numfashin wa nake ji?"